Inci Biyar na Gashin Bakin Tela

"Ni ba sai na je fili ba! A miƙo min wandon ɗan wasa kawai, in duba inda ya goge da inda ya yage, in gaya muku ko zai buga kakar wasa mai zuwa ko benci zai ɗumama."

Tela ke nan, a shagon askin ƙanin matarsa, ya baje a kujerar da ba layinsa ba yana murza gashin baki. Ku san shi tun yanzu, kada ku ce ban gaya muku ba. Ɗinki dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba: in ya kafa maka aljihu, riga za ta mutu ta bar aljihun da rai. Amma Allah ya haɗa masa allura da baki, bakin kuma ya fi allurar tsini. Shekara uku ke nan kwalejin da ke bayan layinsu take ba shi ɗinkin kayan 'yan ƙwallon kwando, tun daga nan ya daina amsa Tela, wai shi Farfesan Allura.

Ni wasan nan ban ga kansa ba. Ƙattin samari goma suna tsere a kan ƙwallo ɗaya, in sun samu su jefa a kwandon da ba shi da gindi. A gidana kwando mara gindi sunansa shara. Amma ko ni na fi Tela sanin wasan, don shi bai taɓa zama ya kalla daga farko zuwa ƙarshe ba. Sau ɗaya ya leƙa, ƙwallo ta taso ta tafi da hularsa, ya ce ɗakin ya cika zafi, ya fice. 'Yan wasan ma bai san fuskar ko ɗaya ba. Lambobin bayansu kawai ya sani, don shi yake ɗinka su.

Gashin bakin kuwa shekara ashirin da biyu yana kiwonsa. Da kakin da yake goga wa zare yake murɗe tsininsa biyu, su miƙe kamar ƙahon bijimi. Matarsa ta ce ta manta kalar leɓensa na sama. Mai Aski kuma, ƙanin nata, kullum in ya gama yi masa askin kai sai ya tsaya da kilifa a hannu yana kallon gashin nan kamar kura ta ga akuya a ɗaure, sannan ya yi ajiyar zuciya ya kashe na'urar.

"Mijin Yaya," in ji Mai Aski, "ka ce daga wando?"

"Daga wando. Koci yana da usur, ni ina da tef. Usur iska ce kawai, tef kuwa ba ya ƙarya."

"To faɗo mana mutum biyar ɗin da Koci zai fara da su."

"A bari kayan su iso. In na kuskure ko mutum ɗaya..." Ya waiga yana neman abin da zai jingina, sai ya ga kansa a madubi. Baki shi ke yanka wuya. "...ka aske wannan."

 Mai Faci, mai gyaran tayar layinsu, wanda aka riga aka shafa wa kumfa a haɓa, ya miƙe zaune da kumfarsa.

Mai Aski bai yi garaje ba. Ya ce, "Haba, ai ba za a yi zalunci ba. Ara min tef ɗin nan." Ya zare shi daga wuyan Tela, ya auna daga wannan tsini zuwa wancan. "Inci biyar cif. 'Yan wasa biyar. Kowane mutum inci ɗaya. Wanda ka kuskure, in ɗauki incinsa."

"Wanda na ci fa?"

"Naka ne, halak malak."

"A'a, ba haka kawai ba," in ji Tela, ya ɗaga yatsa. "Duk incin da na ci, reza ba za ta taɓa shi ba sai kaka ta ƙare. Kullum zan zo nan in zauna in murza muku shi, kuna kallo, baƙin ciki ya kashe ku."

"Mai Faci, ka ji?"

"Na ji. Kumfar nan ma ta ji."

Ku riƙe wannan sharaɗin. Shi ya kafa shi da bakinsa, ba wanda ya roƙe shi.

Bayan kwana biyu sai ga Mai Sito, mutumin da ke kula da kayan wasa na kwalejin, da buhun tsofaffin riguna da wanduna a bayan babur, da bandir biyu na sabon yadi, da doguwar takarda mai awon kowa. Ya kuma sauke wani naɗin soso mai kauri, irin wanda ake sa wa kujera.

"Farfesa, Koci ya ce layin ƙarshe na takardar nan, da soson nan, na..."

"Dakata." Tela ya ɗaga masa hannu. "Shekararka nawa kana ɗinki?"

"Ban taɓa ba. Amma ya ce in yi maka bayani, saboda..."

"Ni za a yi wa bayanin awo? Ni? Takarda tana magana, ni kuma ina jin yarenta. Ka gai da Koci."

Mai Sito ya hau babur ɗinsa. Mutum ne mai iyali, ba ya son dogon zance.

Tela ya zazzage buhun a tsakar shago, ya maƙala tabarau, ya ƙwala wa matarsa kira daga cikin gida ta zo ta ga ilimi. Ta fito da tsintsiya a hannu, don ita ba ta zuwa kallo hannu rabbana.

Ya ɗago riga mai lamba bakwai. Fes take, ko zare ɗaya bai tashi ba, har karin ninkinta yana nan.

"Kin ga wannan? Kaka guda cur ba wanda ya iya taɓa shi. Walƙiya ke nan! Shi zai riƙe ƙwallo ya rarraba wa sauran. Shi ne kyaftin."

"Ko kuma bai sa ta ba," in ji ta.

"Ke dai shara kika sani."

Ya ɗago lamba sha ɗaya. Hammata biyu duk sun yage.

"Yawan ɗaga hannu ke yaga hammata. Maharbi ke nan. Daga nesa yake jefawa, maki uku-uku."

Lamba tara kuwa wuyan rigar ya saki, ya kusa kai cibiya.

"Ta baya ake janyo shi, don ba a iya kamo shi ta gaba. Shi zai bi gefe da gudu." Ya duba takarda, ya ga awon ƙirjin Tara ya ragu da inci huɗu a kan na bara. Ya buga cinya. "Kin gani? Har ya rage jiki. Ya shirya!"

Lamba sha biyar ba sai an ɗago ta ba, warin man zafi ya riga ya cika shagon, ga shi an wanke ta.

"Jarumi! Ya sha duka, ya shafa magani, ya koma. Shi ne mai tsaron gida."

"Maigida, wanda yake shafa magani haka ba asibiti ya kamata ya je ba?"

Bai kula ta ba, don hannunsa ya kai kan wando mai lamba huɗu. Mazaunansa sun goge, faci kan faci, in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta ciki. Tela ya girgiza kai, tausayi ya kama shi.

"Allah sarki, bawan Allah. Kaka guda yana goga benci. Wannan ko ƙwallo ba ta san sunansa ba." Sai idonsa ya faɗa kan soson nan. Ya daka tsalle. "Shi ke nan! Soson nasa ne. Koci mutum ne mai imani, ya san bana ma zaman zai yi, ya ce a sa masa abin zama. Kin ga abin da yaron nan Mai Sito yake son ya ɓata min lokaci a kai?"

Saura layin ƙarshe. Ba lamba, ba suna. Tsawo inci casa'in. Kewaye a sama arba'in, a tsakiya arba'in, a ƙasa arba'in.

Tela ya nemi kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Muryarsa ta koma raɗa.

"Koci ya ɓoye makami. Ƙafa bakwai da rabi! Shi ya sa bai rubuta suna ba, kada abokan hamayya su ji. Dodo ne ya ɗauko."

Matar ta jingina tsintsiya, ta karɓi takardar ta juya ta.

"Maigida, wane irin ɗan Adam ne ba kafaɗa, ba ƙugu, daga sama har ƙasa awo ɗaya? Ko turmi yana da ƙugu."

"Ginin 'yan wasan zamani ke nan. Abinci na musamman ake ba su."

"Ina awon hannunsa?"

"Rigar ƙwallon kwando ba ta da hannu."

"Na wuyansa fa?"

"Ke!"

"Ka leƙa ka tambayi Koci. Taku ɗari biyu ne daga nan."

"In tambaya? A ji a gari cewa Farfesa ya yi tambaya?"

Ta ɗauki tsintsiyarta ta koma ciki. Mace mai hankali ke nan. Ta faɗa sau ɗaya, ta faɗa sau biyu, ta bar shi da halinsa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya yarda ya buɗe bakin don tambaya, ba don cika shi ba.

Da la'asar ya isa shagon aski yana tafiya kamar wanda ya haɗiye sanda. Mai Aski ya danna waya, ya ɗora ta a kan teburin madubi don ta naɗi komai. Tela ya jero su: Bakwai kyaftin mai rarraba ƙwallo, Sha Ɗaya maharbi, Tara mai gudun gefe, Sha Biyar mai tsaron gida. Huɗu kuwa a yi masa addu'a.

"Na biyar fa, Mijin Yaya?"

Tela ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Dodo. Ku rubuta ku ajiye. Zai tsaya a ƙarƙashin kwando tun daga usur na farko har na ƙarshe. Ba mai ture shi. Duk wanda ya yi karo da shi, shi zai faɗi. Koci ba zai fitar da shi ko na minti ɗaya ba. Ba zai gaji ba, ba zai nemi ruwa ba. In ji Farfesan Allura."

"Tabɗi," in ji Mai Faci. "Wannan ai ko tayar babbar mota albarka."

Da a ce a baki abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Tela sai ya bi maganarsa da allura. Mako biyu keken ɗinki yana kuka. Ya ɗinka alamar kyaftin a ƙirjin Bakwai da zare mai ruwan zinare. Ya ƙara wa Sha Ɗaya yadi a hammata don hannu ya sake. Ya yi wa Tara wuya ninki uku mai tauri kamar bakin bokiti, wai ya ga mai janyowa. Wandon Huɗu kuwa ya yanka soso ya jera masa hawa uku a baya, ya bi da ɗinki mai kyau, har ya zauna a kai ya gwada ya ce ko sarauniya sai haka. Kayan Dodo suka cinye rabin bandir. Ya manna musu lamba casa'in da tara. Ranar da aka shanya rigar a igiya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko labulen na sayarwa ne.

Labari ya zaga. Ɗalibai suka riƙa tsayawa a ƙofar shagon suna tambayar ina Dodon yake kwana, wane gado ne ya ɗauke shi. Tela ya kan murza gashin baki ya ce, "Sirri ne tsakanina da Koci."

Ranar gwajin kaya ta zo. Bayan azahar, a babban ɗakin wasa na kwalejin, inda ƙasa take sheƙi kamar an lashe. A ranar ne Koci zai raba riguna ya kuma faɗi masu farawa. Mai Aski ya rufe shago, ya taho da 'yar kujera, da tawul, da kilifa mai batir, da rabin layinsu a bayansa. Matar Tela ta ɗauko ƙullin kaya ɗaya a ka. Kafin a fara, Mai Aski ya ari allin Tela ya ja layi huɗu a gashin bakin, ya raba shi gida biyar. Tela ya zauna ya harɗe ƙafa, yana ɗaga wa ɗalibai hannu kamar shi aka zo gani.

Koci ɗan gajeren mutum ne, maganarsa ma gajera. Ya busa usur, ya zaro riga ta farko.

"Bakwai!"

Wani siririn saurayi mai ladabi ya fito, ya karɓa da hannu biyu. Koci ya ga zaren zinare.

"Wa ya ba ka kyaftin?"

"Wallahi Koci ba ni ba ne. Ni da bara ko minti ɗaya ban buga ba."

Tela ya miƙe. "Yaro, faɗi gaskiya. Rigarka fes take!"

"Eh, Baba. Ninke ta nake yi in ɗora a cinya, kada ta yi datti."

"Bana ma haka," in ji Koci. "Sai ya koyi riƙe ƙwallo."

Zzzz. Incin farko na dama ya sauka a tawul. Tela ya shafa wurin, ya ji iska tana taɓa fatar da ba ta ga rana ba shekara ashirin da biyu.

"Dabara ce," ya ce wa Mai Faci. "Ɓoye shi yake yi."

"Sha Ɗaya!"

Ƙasa ta ɗan girgiza. Wani ƙato ya taho yana numfashi sama-sama, ya zura rigar da ƙyar. Hammata kam lafiya lau, aikin Farfesa ne. A ciki ta tsage, ɓarrr.

"Wannan," in ji Koci, "sai ya sauke kilo goma kafin ya taɓa min ƙwallo."

"Kai ba kai ne mai uku-uku ba?" in ji Tela.

"Faranti dai, Baba. Safe, rana, yamma."

Zzzz. Inci na biyu.

"Tara!"

Wani ɗan firit ya fito, wuyan rigar ya tsaya masa har kunne, kansa ya leƙo ta ciki kamar kunkuru. Tela ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Tara?"

"Tun watan jiya, Baba. Bana na shigo makaranta, Koci ya ce a benci zan fara."

"Na bara fa?"

"Ya gama karatu. An ce yana aiki a banki."

"To wa yake janyo masa wuyan riga?"

Mai Sito ya amsa daga gefe, a hankali: "Taunawa yake yi. Duk sanda Koci ya daka masa tsawa sai ya cusa a baki."

Tela ya ce ai wannan ba laifinsa ba ne, ba a sanar da shi yaron zai gama makaranta ba. Mai Aski ya ce ai makaranta dama don a gama ake shigarta. Zzzz. Na uku ya tafi, na tsakiya, wanda ke ƙarƙashin hanci. Matarsa ta leƙo ta dubi leɓen ta ce, "Ashe nan kake. Sannu da zuwa."

"Sha Biyar!"

Aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bakin ƙofa. Jarumi mai tsaron gida ne, da sanda biyu a hammata, ƙafa ɗaya a naɗe fari fat tun daga cinya.

"Likita ya ce wata shida," in ji shi. "Na zo in ga rigar ne kawai."

Matar Tela ta dubi mijinta. Tari ɗaya ta yi, amma tarin nan ya fi huɗuba tsawo.

Zzzz. Saura inci ɗaya tal, na can ƙarshen hagu, mai tsinin nan da aka murɗe da kaki. Ya tsaya shi kaɗai a gefen baki kamar jelar ɓera ta leƙo daga rami. Ɗalibai suna ta faɗuwa a kan juna. Amma Tela bai karaya ba. Ya riƙe tsinin da yatsa biyu yana cewa a ransa, bari Dodo ya shigo, duk wanda ya yi dariya sai ya haɗiye ta.

Koci ya busa usur. "Kyaftin! Ina Kyaftin?"

Ƙofar ɗakin sauya kaya ta buɗe. Lamba Huɗu ya fito, dogo, kakkaura, yana tafiya ƙafa a ware kamar agwagwa, abu ya turo a bayansa kamar ya goyo matashin kai. Ɗakin ya ɗauki ihu.

"Koci, wallahi ban san laifin da na yi wa tela ba."

Tela ya nuna shi da yatsa. "Wannan... wannan ne kyaftin? Ai wandonsa ya goge a mazaunai!"

"Saboda duk ƙwallon da ta kuɓuce sai ya bi ta har ƙasa," in ji Koci. "Da bayansa yake share min fili. Yaron nan ko ruwa a tsaye yake sha." Ya zagaya bayan Kyaftin, ya danna wurin da yatsa, yatsan ya nutse. Ya daɗe yana kallo. "Wannan ba sosona ba ne?"

Tela ya ga dama ta samu. Ya matso, ya rage murya, ya kashe ido ɗaya.

"Koci, bar zancen soso. Fito da shi kawai, mun san sirrin. Ga kayansa."

Ya kwance ƙullin ƙarshe. Mutum biyu suka kama rigar, suka ja da baya, suka ja, lamba casa'in da tara ta baje. Wani ya ɗaga wandon, ya ɓace a bayansa.

Koci ya dubi rigar. Ya dubi Tela. Ya dubi Mai Sito.

"Na fara faɗa masa," in ji Mai Sito. "Ya ce yana jin yaren takarda."

Koci ya juya. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen fili. Can ga turken ƙarfen da ke riƙe da kwando, dogo, miƙaƙƙe, ba kafaɗa, ba ƙugu, tsohuwar rigarsa ta soso ta yayyage tana lilo. Ita ake so a sake, don kada yara su fasa kai in sun yi karo da shi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai sanda biyu sai da ya yar da ɗaya. Matar Tela kuwa, da yake ba ta son asarar yadi, ta zaro almakashi daga aljihun mijinta, ta farke gefen rigar da na wandon, ta sa Kyaftin ya hau tsani, aka naɗa wa turken, aka kama da fil. Suka zauna masa ɗas, ba ƙari ba ragi. Na gaya muku ɗinki ya iya.

Tela ya koma kan 'yar kujera da kansa, ya ja tawul ya rufe ƙirji, ya rufe ido.

"Gama aikinka," ya ce. "Kwashe shi in huta."

 Bai ji zzzz ba. Abin da ya ji muryarsa ce tana fitowa daga waya, da ƙarfi, har tana amsa kuwwa: "Zai tsaya a ƙarƙashin kwando tun daga usur na farko har na ƙarshe..."

Mai Aski ya tsayar da wayar. "Koci, don Allah a yi mana shari'a. Wancan mai lamba casa'in da tara, a ina zai tsaya bana?"

"Ƙarƙashin kwando."

"Za ka fitar da shi?"

"Ko na minti ɗaya."

"Ana ture shi?"

Kyaftin ya ɗaga hannu daga kan tsani. "Na gwada bara. Ni na faɗi."

"Yana gajiya? Yana neman ruwa?"

"Shekara tara muna tare," in ji Koci, fuskarsa ba alamar wasa. "Bai taɓa ba."

Mai Aski ya kashe kilifa, ya busa ta, ya sa a jaka, ya ja zif.

"Jama'a, a tafa wa Farfesa. Ya ci ɗaya."

Tela ya buɗe ido. "Me? A'a! Na faɗi! Wallahi na faɗi! Ƙarfe ne, ba mutum ba ne!"

"Ba ka ce mutum ba, Mijin Yaya, Dodo ka ce. Duk abin da ka faɗa a kansa ya tabbata. Incin nan guminka ne, ni ba na cin haram."

"Na yafe maka! Na ba ka kyauta!"

"Reza ba za ta taɓa shi ba sai kaka ta ƙare," in ji Mai Faci. "Kullum kuma ka zo ka murza mana. Ni shaida ne, kumfa ma shaida ce."

Tela ya juya ga Koci da murya kamar ta ɗan akuya. "Kakar nan wata nawa ce?"

"Biyar. In mun kai wasan ƙarshe, shida."

"Bana kam sai mun kai, Baba," in ji Kyaftin. "Saboda kai."

Sai ga mai hoton kwalejin ya iso da kyamara, za a ɗauki hoton da ake maƙalawa a ƙofar shiga duk shekara. 'Yan wasa suka jeru, suka sa Dodo a tsakiya, suka rantse ba za a ɗauka ba sai da wanda ya gano shi. Aka janyo Tela, aka tsayar da shi a gindin turken. Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya juya dama, leɓe tsirara. Ya sunkuya, mai hoto ya ce a ɗago.

Matarsa ta matso, ta karkaɗe masa gashin da ya zuba a kafaɗa, ta lashi yatsa ta murɗe masa ɗan tsinin nan ya miƙe sosai, sannan ta kama haɓarsa ta karkata ta.

"Ba su ɓangaren hagu, Maigida," ta ce. "Duk ilimin a nan ya rage."